Guguwar Idai: Yadda Ta Taso, Hanyar da Ta Bi, da Ɓarnar da Ruwanta Ya Yi

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da haɗuwa. An nemi in yi bayani a kan ɗaya daga cikin manyan guguwowin teku da suka gabata, ni kuma na zaɓi Idai, wadda ta afka wa ƙasashen Mozambik da Zimbabwe da Malawi a watan Maris na shekarar 2019.

Kafin in shiga labarin, akwai gyaran da ya kamata in yi wa kunnuwanmu. Idan aka ce wa Bahaushe "guguwa", abin da zai zo masa a rai shi ne iskar bazara mai murɗawa, wadda ke tasowa da tsakar rana ta yi sama da ƙura da karmami, ta wuce kafin a gama salati. Guguwar teku wata aba ce dabam. Faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomitoci, takan yi kwanaki ko makonni tana tafiya, kuma abin da take ɗauke da shi na ruwa ya fi iskarta kisa. Wannan batu na ƙarshe shi nake so ku riƙe, domin a kansa labarin Idai ya ginu.

Irin wannan guguwa ba ta tashi sai a kan teku mai ɗumi, wanda zafin ruwan samansa ya kai wajen digiri 26 ko ya haura. Tururi yana tashi daga ruwan, ya yi sama, ya huce ya zama gajimare, kuma a wajen hucewar nan yakan saki zafin da ya ɗauko, sai zafin ya ƙara tura iska sama, iskar gefe kuma ta ruga domin cike gurbin da aka bari. Jujjuyawar duniya ita ke karkatar da wannan iska har ta riƙa zagaye. A kudancin duniya, inda Mozambik take, zagayen yana bin hanyar da hannun agogo ke bi. Muddin guguwar tana kan ruwa mai ɗumi, tana samun abinci. Da zarar ta hau tudu, sai ƙarfinta ya fara raguwa. Mashigin tekun da ke tsakanin Mozambik da tsibirin Madagaska yana cikin wuraren da suka fi ɗumi a Tekun Indiya a wannan lokaci na shekara.

Hanyar da Idai ta bi ba miƙaƙƙiya ba ce. Ranar 4 ga Maris ta fara haɗuwa a matsayin hadari marar ƙarfi kusa da gaɓar Mozambik, kuma a ranar ta hau tudu. A bisa al'ada da nan za ta mutu, amma sai ta yi kwanaki tana kai da kawowa a arewa maso tsakiyar Mozambik da kudancin Malawi tana zubar da ruwa, har ambaliyar wannan zagaye na farko ta kashe fiye da mutum 100, alhali ko suna ba a sa mata ba tukuna. Ranar 9 ga wata ta juya ta koma teku. A nan ta sake samun ɗumin da take bukata, ta ƙarfafa cikin gaggawa kusa da Madagaska, aka sa mata suna Idai, sannan ta sake juyowa ta nufi yamma maso kudu. A lokacin da ta kai ƙololuwar ƙarfinta, gudun iskarta ya kai kilomita 195 a sa'a guda.

Cibiyar hasashen yanayi da ke tsibirin Reunion, wadda ita ke da alhakin sa ido a kan wannan yanki na teku, tana biye da ita ta tauraron ɗan'adam, kuma tun kwanaki kafin isowarta an san inda ta dosa. Hukumomin Mozambik sun fitar da gargaɗi mafi girma. Saboda haka ba za a ce ta zo wa masana ba zato ba.

A daren 14 ga Maris, wayewar 15, ta faɗa wa Beira, birni mai tashar jiragen ruwa da mutane fiye da rabin miliyan, wanda unguwanninsa da yawa suke kusan daidai da tsayin teku. Iskar ta yaye kwanon rufi, ta tumɓuke itatuwa, ta karya turakun lantarki da na sadarwa, ta lalata sassan babban asibitin birnin. Jami'an ƙungiyar Red Cross da suka fara isa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na yankin ya samu lahani. Babbar hanyar mota da ta haɗa Beira da sauran ƙasar ta yanke, kuma ita ce hanyar da Zimbabwe da Malawi da Zambiya ke bi wajen ɗauko kaya daga tashar. Birnin ya yi kwanaki babu wuta, babu waya, duniya ba ta san halin da yake ciki ba.

Da gari ya waye iska ta lafa, mutane da yawa sun ɗauka an gama, suka fito suna tattara kwanonsu suna neman ƙusa. A gaskiya kuwa mafi munin abin bai zo ba tukuna. Guguwar ta ci gaba da shiga cikin ƙasa a hankali, ta je ta ci karo da duwatsun da ke kan iyakar Mozambik da Zimbabwe, ta tsaya tana juye ruwan da ta kwaso daga teku. A wasu wurare ruwan da ya sauka cikin 'yan kwanaki ya haura milimita 600, wato fiye da abin da Damagaram ke samu a damina sukutum. Duk wannan ruwa ba shi da wurin zuwa sai gangare, sai kogunan Buzi da Pungwe, waɗanda ke zuba a teku dab da Beira.

Kogunan suka tumbatsa, suka fi ƙarfin gaɓarsu, suka malale fadamun da ke tsakaninsu har ma'aikatan agaji suka riƙa cewa teku ce ta buɗe a tsakiyar ƙasa. Ina so ku kwatanta halin magidanci a garin Buzi. Ya tsira daga iska, ya ga iyalinsa lafiya, ya yi hamdala. Bayan kwana biyu sai ga ruwa yana shigowa ta ƙofa, daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙirji, kuma duk inda ya duba fili ne shimfiɗaɗɗe, babu tudun da zai nufa. Waɗanda suka samu gini mai ƙarfi suka hau rufinsa. Wasu suka cunkushe a kan benen 'yan kallo na filin wasan garin. Mutanen ƙauye kuwa itatuwa suka hau, mace da goyo a baya, suka yi kwanaki a kan reshe babu abinci, ruwan sama na dukansu, kuma wanda barci ko gajiya ta rinjaya ya saki hannu, ruwa ya tafi da shi. Jiragen sama masu saukar ungulu, ciki har da na sojojin Afirka ta Kudu, da jiragen ruwan sojojin Indiya, da kwale-kwalen masunta, sun ceci dubban mutane, amma yawan masu jiran ceto ya fi ƙarfin kayan aikin. Ranar 18 ga wata, bayan ya zagaya yankin ta sama, shugaban Mozambik na lokacin, Filipe Nyusi, ya faɗa wa 'yan ƙasarsa cewa ya ga gawawwaki suna yawo a kan ruwa.

A Zimbabwe kuma ruwan ta wata fuska ya zo. A gundumar Chimanimani, ƙasa ce mai tsaunuka, ruwa ya jiƙa gangaren duwatsu har suka zaftare cikin dare, laka da manyan duwatsu suka gangaro kan gidaje mutane na barci, musamman a unguwar Ngangu. A Kopa, inda koguna suka haɗu, ruwa ya share matsuguni kusan gaba ɗaya, har aka tsinci gawawwakin wasu mazauna wurin a cikin Mozambik. Akwai iyalai da har yau ba su ga gawar nasu ba, balle su yi musu sutura.

Alƙaluman hukuma sun nuna mutuwar mutum fiye da 600 a Mozambik, fiye da 300 a Zimbabwe, da kimanin 60 a Malawi, ban da waɗanda suka ɓace. Mutanen da abin ya shafa a ƙasashen uku sun kai wajen miliyan 3. Guguwar ta zo ne ana dab da girbin masara, ta lalata gonaki fiye da hekta 700,000 a Mozambik kaɗai, kuma duk wanda ya taso a gidan noma ya san abin da ake nufi da rasa amfanin shekara ana saura makonni a kai shi rumbu.

A ra'ayina, gargaɗin da aka yi gaskiya ne amma bai cika ba. An ce wa mutane iska mai ƙarfi na tafe, su zauna a gida, su ƙarfafa rufi, kuma da yawa sun yi hakan. Abin da bai isa kunnen mai noma a bakin kogin Buzi ba shi ne cewa ruwan da zai sauka a kan duwatsu masu nisa zai iske shi bayan kwana biyu, da sunan wurin da zai gudu, da abin da zai kai shi can. A cikin Beira kuwa, magudanun ruwan da aka gyara a shekarun da suka gabaci guguwar sun taimaka wajen janye ruwa daga unguwannin da suka ratsa, abin da ya nuna cewa aikin da aka yi tun kafin masifa shi ne ya yi rana.

Akwai abu guda da aka yi da kyau, kuma adalci ne a faɗe shi. Da rijiyoyi suka gauraya da masai, cutar kwalara ta ɓulla a Beira a ƙarshen Maris, ta kama mutum fiye da 6,000. Cikin gaggawa aka kawo maganin rigakafi na ɗigawa a baki kusan 900,000, aka bi unguwa-unguwa da sansani-sansani a farkon Afrilu, kuma waɗanda cutar ta kashe ba su kai 10 ba.

Makonni shida bayan Idai, ranar 25 ga Afrilu, wata guguwar mai suna Kenneth ta faɗa wa lardin Cabo Delgado a arewacin Mozambik. A taron masu ba da tallafi da aka yi a Beira bayan haka, Mozambik ta ce tana bukatar dala biliyan 3.2 domin sake gini, aka yi mata alƙawarin biliyan 1.2. A watan Janairu na 2021, lokacin da guguwar Eloise ta sake dukan Beira da kewayenta, ta tarar da dubban waɗanda Idai ta raba da gidajensu har yanzu suna kwana a cikin tantuna a sansanonin da aka tsugunar da su.