Auren haɗi daban, auren dole daban: gwagwarmayar Jasvinder Sanghera a Ingila

An haifi Jasvinder Sanghera a birnin Derby na Ingila a 1965, a gidan mabiya addinin Sikh da suka taso daga Punjab ta Indiya. Tana 'yar shekara 14 aka nuna mata hoton mijin da aka zaɓa mata. Ta ƙi, aka kulle ta a ɗaki, ta gudu, iyayenta suka sallama ta. Bayan 'yar'uwarta ta cinna wa kanta wuta saboda uƙubar gidan miji, Jasvinder ta kafa ƙungiyar Karma Nirvana, mai taimaka wa waɗanda ake yi wa auren dole, a 1993.

Inda ake yawan rikicewa shi ne a kan dokar da ta yi shekaru tana fafutukar a kafa, domin wasu na cewa Ingila ta hana iyaye zaɓa wa 'ya'yansu abokin zama. Ba haka ba ne. Uwa da uba za su iya nemo saurayi, su bincika asalinsa, su haɗa shi da 'yarsu, kuma babu ɗan sandan da zai taka ƙofar gidansu muddin yarinyar tana da ikon cewa a'a. Abin da dokar 2014 ta mayar laifi a Ingila da Wales, da hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7, shi ne tilastawa. Tilastawar kuma ba duka kaɗai ba ce. Ta haɗa da barazana, da matsa wa yarinya cewa za ta zubar da mutuncin gida, da yaudarar ta zuwa wata ƙasa da sunan hutu. A ganina matsin nan na maganar mutunci ya fi wuyar kamawa, tunda ba ya barin tabo a jiki.

Akwai kuma dabarar cokali. Ƙungiyar ta shawarci 'yan matan da ke tsoron za a fitar da su waje a aurar da su cewa su ɓoye cokalin ƙarfe a cikin tufafinsu, na'urar filin jirgi ta yi ƙara, a ja su gefe don bincike, su sami damar faɗa wa jami'ai gaskiya nesa da idon iyaye.

Tun daga Fabrairun 2023 kuma, aurar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne a can, ko an tilasta ko ba a tilasta ba.