Ɗige-ɗigen nan da kuka cika status da su, makaho ba ya jin su fa

[Ana jan status a waya]

Jama'ar Nima da Mamobi, kun ga wannan ko? Tun 4 ga Janairu, ranar rubutun makafi ta duniya, kowa ya bi ya cika status da ɗige-ɗige wai gaisuwa ce ga 'yan uwanmu makafi. Niyya kam mai kyau ce wallahi. Amma ɗan sa yatsa ka shafa gilashin wayarka. Me ka ji? Sumul. To shi ma sumul ɗin zai ji.

[Yatsa na bin takarda mai tudu-tudu]

Tarihi a gurguje. Louis Braille, Bafaranshe, haihuwar 1809, ya makance tun yana ƙarami, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun. Gida ɗaya ɗigo shida, uku hagu uku dama, siffa 64 kenan har da gidan da ba komai. Shi yara ke koyo a makarantar makafi ta Akropong a nan Ghana. Mu wuce.

[Tebur mai cike da ɗige-ɗige]

Yauwa, nan ne ake ɓata, ku nutsu. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma babban rajistan da ke ba kowace alama lambarta shi ne Yunikod. A 1999 aka ware wa ɗige-ɗigen nan gurbi 256, daga U+2800 zuwa U+28FF, don an ƙara ɗigo biyu a ƙasa sun zama takwas. Lissafin kamar na mai koko ne: ɗigo na farko sidi 1, na biyu sidi 2, na uku 4, na huɗu 8, ana ta ninkawa har 128, sai ka tara kuɗin waɗanda suka taso. Wannan ⠃ ɗigo na 1 da na 2 ne, 1 da 2 uku kenan, a ɗora kan 2800, lambarsa 2803. Ni dai tsarin ya burge ni, ba ƙarya.

Amma duba sunan da rajistan ya ba shi. Bai ce "b" ba. Cewa kawai ya yi siffa mai ɗigo 1 da 2, ya ja bakinsa ya yi shiru. Me ya sa? Saboda siffar nan ɗaya a boko b ce, a wajen mai karatun Larabci ب ce, in alamar lamba ta zo gabanta ta koma 2, in kuma ta tsaya ita kaɗai a taƙaitaccen rubutun Turanci kalma ce sukutum, "but". Siffa aka yi wa rajista, ma'ana kuwa sai an san yare da ƙa'idar da ake bi.

[Matashi sanye da iyafis, waya na magana]

To shi makaho da waya, manhaja ce ke karanta masa, TalkBack ko VoiceOver. Ka rubuta "barka da asuba" normal, ta faɗa masa. Ka liƙa ɗige-ɗige kuwa, ko dai ta yi ta lissafo masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya har kansa ya yi ciwo, ko ta tsallake kamar ba ka ce komai ba. Mai na'urar da ƙananan filoli ke tasowa ƙarƙashin yatsa ma, kuma tsadarta ba wasa ba, rubutunka na yau da kullum manhajar ke juya masa da kanta bisa yaren da ya zaɓa. Kenan rubuta abinka yadda ka saba, in hoto ne ka bayyana me ke ciki.

[Saƙon WhatsApp wanda ba komai a ciki]

Af, saƙon wofi ɗin nan da yaran Zongo ke turo maka ka yi ta zare ido kana zargin wayarka? Sau da yawa U+2800 ne, gidan da ko ɗigo ɗaya bai taso ba.