Yadda Masu Bincike Ke Gano Dalilin da Ya Sa Manomi Ke Sayen Inshora

Idan aka tambayi manomi ko zai sayi inshorar da za ta biya shi diyya a shekarar da damina ta gaza, sau da yawa zai amsa da cewa zai saya, amma ranar da dillali ya zo karɓar kuɗi sai a tarar da kaɗan ne suka fito. Wannan tazara tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da hannu ya aikata ita ce ta sa masana tattalin arziki ba sa tsayawa kan takardar tambayoyi, suna haɗawa da gwaji.

Ga yadda gwajin yake. Ana tattara sunayen manoma, a raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, sannan a tallata wa kowane rukuni inshora iri ɗaya ta ainihi, a kan kuɗinsu na ainihi, tare da sauya abu guda kacal. Ƙuri'ar ce gishirin aikin, domin tana warwatsa masu hali da marasa hali, masu tsoron asara da masu kasada, cikin dukkan rukunonin, ta yadda duk bambancin da ya bayyana daga baya za a iya ɗora shi kan abin da aka sauya.

A yammacin Kenya, Lorenzo Casaburi da Jack Willis sun gwada hakan da manoman rake masu kwantiragi da kamfanin sukari, aka kuma wallafa sakamakon a 2018. An nemi rukuni na farko su biya kuɗin inshora nan take, kuma kashi 5 cikin ɗari ne suka saya. Rukuni na biyu an yi masu rangwamen kashi 30 cikin ɗari, adadin ya tsaya a kashi 6. Rukuni na uku ba a rage masu farashi ba, an dai ce za a cire kuɗin daga cinikin rakensu bayan girbi, sai masu saye suka kai kashi 72. Da tambaya aka tsaya a kai, mai yiwuwa yawancinsu tsada za su ambata, alhali abin da ya tare su shi ne neman kuɗi a lokacin da aljihu ya bushe.

A arewacin Gana kuwa, Dean Karlan da Christopher Udry da abokan aikinsu sun fara gwaji a 2009 da manoman masara, inda ma'aunin ruwan sama ke yanke hukuncin biyan diyya, ba ziyarar gona ba. Sun sauya farashi bisa ƙuri'a, suka bibiyi manoman shekara bayan shekara, suka ga cewa wanda aka taɓa biya, ko ya ga an biya na kusa da shi, ya fi sake saye a damina ta gaba. Wato yarda ma ana iya auna ta.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Manomin rake yana da kamfani guda da ke sayen amfaninsa, shi ya sa cire kuɗi a lokacin girbi ya yiwu. Manomin gero da ke kai buhunsa kasuwar mako ba shi da irin wannan mai riƙe masa lissafi, don haka sai an sake tsara gwajin daga tushe kafin a san ko jinkirta biya zai yi tasiri a wurinsa.