Jaririn da ya zo ɓul-ɓul

Zainab: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Nura kamar kullum, yau kuma mun yi baƙuwa, Anti Rabi, ungozoma ce da ta daɗe a ɗakin haihuwa. Anti, satin jiya na je barka, jaririn kilo 4.6, kumatu kamar an hura, kowa ya ɗauka sai tubarkalla. Uwar kuwa tana kwance, tiyata aka yi mata.

Anti Rabi: Tubarkalla kam ba za mu hana ba, Allah ya raya. Amma ni in na ɗora jariri a sikeli na ga ya wuce kilo 4, abin da nake fara tambaya shi ne ko an gwada sukarin uwar. Sukarin da ke jininta yana ratsa mabiyya ya isa ga ɗan tayi, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, ba ya ratsawa. Dole yaron ya ƙera nasa, da yawa kuwa, insulin ɗin nan kuma shi ke mayar da rarar sukari kitse. Sai ki ga kai ya fito lafiya, kafaɗa ta maƙale. Da an yanke cibi kuma sukarin uwa ya tsaya, insulin ɗinsa na nan bai sauka ba, sai sukarin jaririn ya faɗi, ki ga yana karkarwa. Shi ya sa ba ma bari a jinkirta sa shi a nono.

Nura: Wani likita ɗan Denmark, Jørgen Pedersen, shi ya fara fayyace wannan tun 1952.

Zainab: To ai in ya fara rarrafe ƙibar za ta zube, ko?

Nura: Wani ta zube, wani ta bi shi har girma. Kitse yana fara bayyana a jikin ɗan tayi wajen wata na huɗu zuwa na shida, ya taru sosai a watanni ukun ƙarshe. A 2008 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa yawan ƙwayoyin kitsen mutum tun yana yaro zuwa samartaka yake daidaita. Baligi in ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi, yawansu na nan. Kamar buhunan da aka zazzage ne, suna jiran kaka.

Zainab: Ke nan gaskiyar ƙanwata, da ta rage cin abinci a wata na bakwai wai kada ɗan ya yi girma ta sha wuyar naƙuda.

Anti Rabi: Kayya! Wannan na fi gani ma, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Mace ta zo awo idonta fari fat, babu jini, wai tana tsoron tiyata.

Nura: Hajiya, bari in kawo labarin Holan. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar, rabon mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana (kalori ma'aunin ƙarfin abinci ne), har albasar furen tulip aka riƙa ci. A 1976 aka duba bayanan samari kusan 300,000 da aka auna lokacin ɗaukar soja, suna shekara 19. Waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon ciki, su suka fi sauran teɓa.

Zainab: Tsaya, Malam. Yunwa ta haifar da ƙiba?

Nura: Ƙwarai. David Barker na Ingila da abokin aikinsa Nicholas Hales sun ba da bayani a 1992: ɗan tayi in ya ji abinci ya yi ƙaranci, sai jikinsa ya shirya wa duniyar fari, ya koyi ɓoye duk abin da ya samu. Ya fito ya tarar da shinkafa da mai da lemon kwalba, jikin bai daina ɓoyon ba. Ni abin da ke raina shi ne yaran karkararmu da aka yi goyon cikinsu a tsakiyar damina, rumbu ya kwashe, suka girma suka dawo birni.

Anti Rabi: Kuma ba kowace mai ƙiba ke haifar ƙaton jariri ba, kada a je a ɗora wa mata laifi. Akwai gado, akwai abin da yaron zai ci bayan yaye, akwai uban ma.

Nura: Mun shiga ke nan.

Anti Rabi: Ai kai ke cefane. Maganar "ci na mutum biyu" kuwa, a watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙari. A ƙarshen ciki ƙarin bai wuce kalori 450 ba, kwano ɗaya na fate da wake da ɗan ƙwai ya biya. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a cikin gaba ɗaya, mai teɓa kuwa kilo 5 zuwa 9. Gwajin sukari tsakanin mako 24 da 28 ake yi, a ba ki ruwan sukari ki sha a auna jini. In ba a yi miki ba, ki buɗe baki ki tambaya.

Zainab: To kwaɗayin ciki fa, Anti? Ni da cikin fari, in ban sha lemo mai sanyi da daddare ba, barci ba ya zuwa.

Anti Rabi: Kwalba nawa?

Zainab: Biyu. Wani lokacin uku.

Anti Rabi: Kilo nawa ya zo?

Zainab: Malam Nura, karanta mana saƙonnin masu saurare.