Yadda Ake Riƙe Taron Addu'a: Laccar Baba a Wusasa

Wannan lacca ce da wani dattijon ekklesiya, tsohon malamin makaranta, ya yi wa masu jagorar addu'a na matasa da na Zumuntar Mata a nan Wusasa, Zariya. A waya na ɗauka sannan na zauna na rubuta yadda ya faɗa, gaishe-gaishen farko kawai na rage.

Toh Baba Rabaran, dattawa, iyayenmu mata, da ku 'ya'yana, salama a gare ku. An ce in yi magana a kan taron addu'a, yadda ake shirya shi da yadda ake tafiyar da shi, kuma an ba ni minti arba'in, shi ke nan sai mu gani ko tsoho zai iya riƙe bakinsa.

Bari in fara da tambaya. Ran Lahadi in ka zo sujada a makare ba ka samun wurin zama, sai an ƙaro benci a waje, amma ran Laraba da yamma lokacin addu'ar tsakiyar mako wa kake tararwa? Tsofaffin mata ne a layin gaba, sai dattijo ɗaya ko biyu, sai mai buɗe ƙofa, sai yaran da suka biyo kakarsu suna wasa da murfin kwalba a ƙarƙashin benci. Mu kuma kullum sai mu ce ai mutane ne ba sa son addu'a. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Yawancin laifin na masu jagora ne, don mun mai da taron addu'a ƙaramar sujadar Lahadi, a yi waƙa, a yi dogon wa'azi, a yi sanarwa, a karɓi baiko, in an duba agogo saura minti bakwai sai a ce wani ya rufe mana da addu'a. Mutum ya rufe shagonsa a Sabon Gari ya biya kuɗin keke ya zo, bai buɗe baki ya roƙi komai ba ya koma. Mako mai zuwa don me zai dawo?

Ran Lahadi fasto ne ke magana jama'a na ji. Taron addu'a kuwa na jama'a ne, su ne za su yi magana da Allah, kai mai jagora aikinka ka buɗe musu hanya ka tsare lokaci ka tsare amana. In kun manta duk abin da zan faɗa yau ku riƙe wannan.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurin nan. Mishan ɗin da su Likita Miller, Baturen mishan, suka kafa a cikin birnin Zazzau ya ƙaura zuwa Wusasa a 1929, a nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa, ga ta can har yau, kuma a 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wato iyayenmu da harshensu suka yi addu'a tun farko, ba su jira sai sun iya Turanci ba. Daga baya a shekarun 1960 da aka fara aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa daga Jos, kafin a tura kowa wa'azi sai da aka fara kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, mutum kaɗan kaɗan, maƙwabta da maƙwabta, waɗanda suka girme ni a nan za su tuna. Shi kansa Janar Gowon da ya tashi a garin nan, da ya so ya yi wani abu domin ƙasa bayan ya bar mulki da daɗewa, taron addu'a ya kafa a 1996, Nigeria Prays. Toh kun ga gado ne.

Yanzu tsari. Awa ɗaya ta isa taron mako in an san abin da ake yi. A fara a kan lokaci ko da mutum uku ne, ai Matiyu 18 aya 20 ta riga ta gaya mana biyu ko uku sun isa, in ka saba jiran mutane su ma za su saba sa ka jira. Waƙa ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi ko gajerun waƙoƙin nan da mata ke tayarwa da tulu da kacau-kacau, minti goma. Karatu gajere da bayani na minti biyar zuwa bakwai, bayani na ce ba wa'azi ba, manufarsa ya ba mutane abin da za su tsaya a kai su yi roƙo. Sauran minti arba'in da 'yan kai duka addu'a ce. Galibi ana farawa da yabo da godiya, sai furta zunubi, sai roƙo domin waɗansu, sai namu na kanmu a ƙarshe, a rufe da Addu'ar Ubangiji ko a faɗi alheri tare. Ba doka ba ce daga sama, amma in ka bar mutum ya fara da nasa buƙatu ba zai taɓa isowa kan na maƙwabcinsa ba, ku gwada ku gani.

Batutuwan addu'a kuma a shirya su tun kafin ranar. Mai jagora ya tuntuɓi fasto, ya tuntuɓi shugabar mata da na matasa, wa ke kwance a asibitin St. Luke ko na Shika, wa ya yi rashi, wa ke jiran haihuwa, ɗalibanmu na jami'a da ke Samaru da Kongo yaushe za su fara jarrabawa, masu bishara da ke ƙauyuka an biya su kuwa, damina ta tsaya ko ta yi yawa, hanyar Kaduna da ta Birnin Gwari lafiya? Sannan shugabanni, 1 Timoti 2 ta ce a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki, ba ta ce sai wanda ka zaɓa ba, kuma wanda ke mulkin Roma lokacin da aka rubuta wannan ba mutumin kirki ba ne ga masu bi. Don haka Mai Martaba Sarkin Zazzau yana ciki, gwamna yana ciki, kansila yana ciki, maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya muke shan ruwan famfo ɗaya suna ciki. Batu biyar ko shida sun isa. Na taɓa zama a wani taro aka karanto batutuwa har mai karantawa ya juya takarda sau biyu, kafin ya kai ƙarshe mun manta na farko.

Yadda ake yin addu'ar kanta ya bambanta daga coci zuwa coci, kuma a nan nake so ku rage raina juna. A ECWA da Baptist da HEKAN abin da aka fi sabawa shi ne a kira mutum ɗaya ya yi a madadin kowa sauran su ce amin, ko a raba mutane biyu biyu uku uku kowa ya juya ga na kusa da shi. 'Yan Fentikos kuma mai jagora zai faɗi batu ya ce mu yi addu'a, kowa ya ɗaga murya lokaci ɗaya, wani na tafiya wani na tafa hannu, har sai ya ce cikin sunan Yesu mun yi addu'a, a amsa amin a wuce na gaba. Anglican akwai Littafin Addu'a, limami ya faɗa jama'a su amsa. Katolika suna da rosari, wato carbinsu, kashi biyar kowane da addu'a goma, suna haɗuwa a unguwanni musamman a watan Mayu da Oktoba, ga Hanyar Gicciye mai tashoshi 14 a Juma'o'in lokacin azumi. Matasa sukan ce min Baba ai addu'ar littafi ba ta da wuta, tsofaffi kuma su ce waɗancan hayaniya ce kawai. Kowanne yana da inda yake taimako da inda yake cuta. Ta kowa-da-kowa tana ba mai kunya dama ya buɗe baki ba wanda ke sauraronsa, amma tana kuma ba malalaci dama ya riƙa motsa leɓe yana tunanin abin da zai ci da dare. Ta mutum ɗaya tana sa a ji a ce amin da sani, sai dai in ba a yi hankali ba mutum huɗu ne za su mallake ta shekara da shekaru, kowa ya haddace kalmominsu. Ta littafi kuwa, ranar da aka yi maka rashin da bakinka ya kasa haɗa magana, ranar za ka gode wa wanda ya rubuta ta. Ni abin da na fi so a haɗa, batu ɗaya a yi tare da murya, na biyu a kasu uku uku, na uku a yi shiru minti biyu cur. Shirun nan yana ba masu jagora tsoro, da an yi sakan goma sai su tayar da waƙa. Ku bar shi ya zauna.

Yauwa, yanzu in zo inda ya fi damuna, wato amana. Mace ta zo ta rubuta a 'yar takarda ta ninke ta ba ka a bakin ƙofa, hannunta na rawa, ta rubuta cewa mijinta ya koma shan giya kuma kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Kai kuma ka hau gaba ka riƙe makirfo ka ce 'yan'uwa mu tuna da wata 'yar'uwarmu, ba zan faɗi sunanta ba, amma tana zaune a bayan asibiti kuma mijinta direba ne. [dariya] Kuna dariya don kun san ana yi. Kafin ta isa gida labarin ya riga ta, gobe a wurin niƙa ana mata sannu da wani irin kallo, kuma ba za ta sake kawo komai ba har ta mutu, ita da duk macen da ta ga abin da ya faru. Wata gulmar ma a cikin addu'ar ake yin ta, ido a rufe, ya Uba ka dubi ɗiyar wane da aka gani jiya a wuri kaza da wane, ai wannan ba Allah kake gaya wa ba, ya riga ya sani, mu kake gaya wa. Ƙa'ida mai sauƙi ce, ka tambayi mai buƙata, in faɗa a fili ko in bar shi tsakanina da fasto? In ta ce a rufe sai ka ce akwai buƙata ta musamman a wani gida, shi ke nan. Kuma ku matasa masu guruf na WhatsApp, hoton mara lafiya a gadon asibiti ba batun addu'a ba ne sai in shi ya yarda.

Sai a riƙa rubutawa. A sami littafi ɗaya na ekklesiya, kwanan wata, abin da aka roƙa, a bar fili a gefe. Duk ƙarshen wata a buɗe a duba wanne Allah ya amsa, a ba da lokacin shaida gajere. Mu dai mun iya roƙo amma ba mu iya lura da amsa ba, kuma ba mu muka fara ba. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kulle Bitrus, ekklesiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus ana ta addu'a cikin dare, Allah ya fitar da shi ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, wata yarinya mai aiki sunanta Roda ta ji muryarsa, don murna ko buɗewa ba ta yi ba ta ruga ta gaya musu, me manyan masu addu'a suka ce mata? Suka ce ta haukace. Amsar addu'arsu na tsaye a waje tana ta bugun ƙofa su kuma suna ciki suna gardama. Kuma ku lura a gida ake taron, ba a haikali ba, kuma yarinya ce ta fara ji. Shi ya sa nake cewa ku riƙa ba yara da sababbin tuba dama su yi addu'a ko da jimla biyu ce, kar wani ya gyara musu Hausa.

Littafin nan yana da wani amfani kuma. In kun ga sunan gwauruwa ɗaya ya fito wata uku a jere a kan kuɗin makarantar 'ya'yanta, toh lokaci ya yi da kwamiti zai zauna, wataƙila amsar tana cikin aljihun waɗanda ke cewa amin.

Kwanan addu'a, wanda kuke ce wa bijil, ba na hana shi, Ubangiji da kansa ya kwana yana addu'a. Amma sifika a juya ta ciki. Maƙwabcinka yana da jariri, wani zai tashi sallar asuba ya wuce aiki, wani ɗalibi ne, Allah kuma ba kurma ba ne. A sanar da masu unguwa, a sa masu tsaro a ƙofa, 'yan mata kar a sallame su ƙarfe uku na dare, a jira gari ya waye. Azumi kuma kar a tilasta wa mai ciki ko mai ciwon suga ko mai olsa. Makon addu'a na farkon shekara shi ma a raba ranakun, yau mata gobe matasa jibi dattawa, kar ya zama mutum ɗaya ne ke riƙe da makirfo kwana bakwai.

[Wata daga Zumuntar Mata ta yi tambaya: Baba, in dattijo ne ya kama addu'a ya ƙi saki, ya za mu yi, ga shi ba ma iya tsayar da shi?]

Ɗiyata ai da ni kike, na gane. [dariya] Kar ki tsayar da shi a gaban jama'a, ba tarbiyyarmu ba ce. Tun kafin a fara za ki je ki durƙusa ki ce Baba, kai za ka yi mana addu'a a kan marasa lafiya kaɗai, minti biyu, don akwai mutum biyar a bayanka. In kin ba shi batu ɗaya ba zai zagaya duniya ba. In kuma kin san halinsa ne ba ya jin wannan, sai ki ba shi ta rufewa, ki sa shi a ƙarshe bayan kowa ya yi tasa, ki kuma gaya wa mai tayar da waƙa ta zauna a shirye, da ya ja numfashi ya ce cikin sunan Yesu ku amsa amin da ƙarfi ta ɗauki waƙa. Akwai wata tambayar? Ɗana na can baya, taso ka zo kusa, kunnen ba kamar da ba.