Amsoshin Tambayoyinku: Dokokin Ƙwadago na Duniya da Ma'aikacin Karkara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan mako duk sun shafi ƙwadago ne, kuma za mu fara da ta wani malamin firamare daga Ringim, wanda ya ce yana yawan ji a labarai cewa gwamnati na ƙoƙarin daidaita dokokin ma'aikata da na duniya. Yana son a bayyana masa wane ne yake shimfiɗa dokokin na duniya, kuma ko sa hannun da Najeriya ke yi yana da wani tasiri a kan mutumin ƙauye.

To, Malam, hukumar da ake nufi ita ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka fi sani da ILO. An kafa ta a shekarar 1919, hedikwatarta tana Geneva, Najeriya kuwa ta shiga cikinta a 1960. Abin da ya bambanta ta da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, kowace ƙasa tana tura wakilan gwamnati da na masu ɗaukar ma'aikata da na ma'aikatan kansu, su zauna tare su tsara yarjejeniyoyi, sa'annan kowace ƙasa ta zaɓi waɗanda za ta amince da su. Tun a 1960 Najeriya ta karɓi yarjejeniyoyin da suka hana aikin tilas suka kuma ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya. A 2002 ta karɓi guda biyu da suka shafi aikin yara, a 2022 kuma ta ƙara da ta kiyaye lafiya a wurin aiki da ta hana cin zarafi da muzgunawa.

Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, kuma a nan gizo ke saƙar. Babbar dokarmu ta ƙwadago tun 1974 aka yi ta, zamanin mulkin soja, kuma an kwashe shekaru gwamnati da ƙungiyoyin ma'aikata da na masu kamfanoni suna tsara ƙudurorin da za su maye gurbinta. Ƙofar da ta buɗe ita ce gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su idan ƙara ta zo gabanta. Kotun tana da reshe a Kano. Saboda haka sa hannun yana da amfani, amma ga wanda ya iya kai kukansa can, kuma Malam ya fi mu sanin yadda hakan yake ga leburan da ke ci daga hannu zuwa baka.

Wasiƙa ta biyu daga wajen Kura take, daga wani bawan Allah da ke aiki a injin gyaran shinkafa. Ya ce a kan kowane buhu ake biyansu, babu takarda tsakaninsu da mai injin, kuma kwanan baya bel ya kama hannun abokin aikinsa ya raba shi da yatsu biyu, mai injin ya biya kuɗin ɗinki a asibiti, daga nan shiru kake ji. Yana tambaya ko mafi ƙarancin albashi ya shafe su, kuma ko wanda ya ji ciwon yana da wani haƙƙi.

Ɗan'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Game da albashi, amsar ba za ta yi maka daɗi ba. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga da ake biya gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke zuwa da lokaci kamar noma. Wato kai da mai cirar tumatir a Kadawa da matan da ke tsintar zoɓo da riɗi a Maigatari duk an bar ku a waje. A ganinmu wannan shi ne babban giɓin da ya kamata masu gyaran dokar su duba, domin irinku ne mafi yawan ma'aikata a Kano da Jigawa.

Batun rauni kuwa daban ne. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, daga nan ne ake biyan kuɗin magani da diyyar nakasa, kuma dokar ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ba. Wanda ya ji ciwo zai sanar da mai gidansa cikin kwana 14, mai gidan ya kai rahoto cikin kwana 7, sa'annan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Ku adana katin asibiti da rasit, ku rubuta ranar da abin ya faru da sunayen waɗanda suka gani, ku kai maganar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Ku kuma sani cewa ita kanta dokar 1974 ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. Injin da bel ɗinsa ke gudu babu murfi, mutane na aiki cikin ƙurar buntu babu abin rufe hanci, aikin sufetocin ma'aikatar ne su gan shi tun kafin ya ci hannun wani, amma mutanen karkara za su shaida cewa ba kasafai ake ganinsu ba.

Sai wani dattijo manomi daga Kafin Hausa, wanda ya ce an gaya masa dokar Turawa za ta hana 'ya'yansa zuwa gona. Baba, ka kwantar da hankalinka. Yaron da ya taso daga makaranta ya kai abinci gona, ko ya taya korar tsuntsaye a shinkafa, ko ya yi kiwon awakin gida, ba shi ake nufi ba, kuma dokarmu ma ta yarda da aiki mai sauƙi a gonar iyaye. Abin da ake hanawa shi ne aikin da ke raba yaro da karatu ko yake cutar da jikinsa, kamar a goya wa ɗan shekara 11 tankin maganin feshi, ko a tura shi dakon buhuna a kasuwa, ko fasa dutse. Aiki mai haɗari irin wannan sai wanda ya kai shekara 18. Inda ake da saɓani shi ne, Najeriya ta shaida wa ILO cewa shekara 15 ce mafi ƙarancin shekarun fara aiki, alhali dokar 1974 tana kiran wanda bai kai 12 ba ne kawai yaro.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce da ke koyarwa a makarantar kuɗi a Gumel, tana tambaya a kan hutun haihuwa. Malama, doka ta ba ki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata shida kina aiki a wurin, kuma ba a yarda a sallame ki a cikin hutun ba. Ma'aunin ILO mako 14 ne, don haka a nan ma da sauran tafiya. Ki nemi takardar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwar, ki miƙa wa shugaban makarantar a rubuce, ki kuma riƙe kwafi a wurinki.