Lasifika ɗaya ta fi ɗaya ƙara? Ku bi akwatin, ba ɓangaren ba

Jama'a, tambayar nan ta yi yawa: lasifikar dama tana tashi ras, ta hagu kamar mai mura. Kafin a kinkimi kaya a kai wa mai gyara, ku dubi abin murɗa balans, mai raba sauti tsakanin hagu da dama, ko yana tsakiya. Yara suna son wasa da shi. In daga waya kuke kunna waƙa, ita ma tana da nata balans a cikin saiti. Ku danna kan wayar sauti ya shige sosai. Shi ke nan, mu wuce.

Ku sa karatun labarai, murya ɗaya, domin mawaƙa da gangan suke karkatar da wasu kayan kiɗa gefe guda.

To, ga inda ake ruɗewa. Kowa ya ji an ce a yi musaya a gani. Amma musayar iri biyu ce, kuma amsarsu a juye take.

Ku samo salatif ku manna a jikin akwatin lasifikar da ba ya tashi. Daga yanzu ku manta da hagu da dama, salatif ɗin nan za ku bi. Ku kashe amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, tukuna. Na ce ku kashe, domin silin waya ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa, sai ku ji ƙauri.

A bayan amfilifaya, wayar hagu ta koma ramin dama, ta dama ta koma na hagu. Akwatuna suna nan inda suke. A kunna.

In raunin ya bar mai salatif ya koma ɗayan, to akwatin ba shi da laifi, daga amfilifaya ne ko abin da ke ba ta sauti. A nan ne mutane ke cewa ai ciwon ya tashi, lasifika ce, su je su sayi sabuwa a banza. In kuwa mai salatif ne har yanzu yake shiru, laifin nasa ne, ko na wayarsa, ko na wurin da aka ajiye shi.

Yanzu ku dubi ɗaya musayar. An mayar da wayoyi yadda suke, akwatunan aka ɗaga aka sauya musu wuri. Rauni ya bi salatif zuwa ɗaya gefen? Wannan karon akwatin ne. Kun gani? Duka biyun an ce rauni ya koma, amma ma'anar ta sha bamban. Kada ku haɗa biyun a lokaci guda, ba abin da za ku gane.

In amfilifaya ake zargi, ku musanya kawunan nan biyu na wayar da ke kawo mata sauti, ja da fari, a bayanta kaɗai. Rauni ya sauya akwati, to wayar sautin ce ko na'urar da ke kunna waƙa. Bai motsa ba, ciwon yana ciki. Sau da yawa abin murɗa murya ne: ƙurar hunturu ta shige shi, kuna murɗawa kuna jin ƙarr-ƙarr. A cire wuta, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, a murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Masu araha kuma haka aka ƙera su: a ƙasa-ƙasa gefe ɗaya yakan riga fitowa, ana ɗagawa su daidaita. Ku rage murya daga waya, ku ƙara ta amfilifaya.

In akwatin ne, kanga kunne a ƙaramar lasifikar sama. Ta ƙone, sauti zai dushe, a ɗauka ƙara ce ta ragu. Sai a cire wayarsa a sa mitar gwajin lantarki: akwati mai om 8 yakan nuna 6 zuwa 7, mai om 4 wajen 3. Abin lura shi ne biyun su yi kusa da juna.

Masu cewa juya ja da baƙi na wayar lasifika ne ke rage gefe ɗaya, ban yarda ba. Bas, wato sauti mai kauri, yake cinyewa, murya ta watse daga tsakiya.

In akwatuna sun sauya wuri amma rauni ya tsaya a gefensa, kuma musayar farko ta wanke amfilifaya, saura wayar lasifika ko ɗaki. Wanda ke lungu yakan fi amo, wanda kujera ta tare yakan dushe. Ku jawo su nesa ɗaya da inda kuke zama, ku sake saurare.